Fim ɗin da Ya Yi wa Baba Sanyi Ƙazafi

Ranar Litinin, uku ga watan Fabrairu, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da ƙarfe tara da kwata na safe, akawun ofishin rajista ya fara haɗuwa da Baba Sanyi. Ranar ce akawun ya kama aiki a asibitin. Aka miƙa masa fom uku aka ce ya sauka ƙasa, ɗakin ajiye gawa, ya karɓo sa hannu. Ya sauka matakala goma sha bakwai, ya tura ƙofar ƙarfe, ya faɗa ciki kai tsaye idonsa na kan takarda.

"Koma," in ji wata murya.

Akawun ya ɗago kai. Wani dogon dattijo ne siriri, da farar riga da takalmin roba, yana zare safar hannu yatsa bayan yatsa.

"Na'am?"

"Na ce ka koma waje ka yi sallama. Akwai mutane a ɗakin nan."

Akawun ya waiga hagu da dama, bai ga komai ba sai firiji mai ƙofofi goma sha biyu. Ya fita, ya yi sallama, aka amsa masa. Sannan ya ce an aiko shi ne a kan lamba huɗu da lamba tara da lamba goma sha ɗaya.

"Lamba huɗu uwar wani ce," in ji dattijon. "Tana da suna, ga shi nan a takardarka. In karatun ne ya gagare ka, ba ni in karanta maka."

Tun daga ranar akawun bai sake kiran kowa da lamba a gabansa ba. Bai jima ba kuma ya gane cewa daga ɗakin aka samo masa sunan Sanyi, domin shi kansa dattijon mutum ne mai zafi kamar wuta. A lokacin Baba Sanyi ya shekara goma sha tara yana aiki a ƙasa. Matarsa ta rasu. 'Yarsa ɗaya ce, tana aiki a kantin magani har ƙarfe shida na yamma, kuma a shekarar ce ta haifa masa jika mace. Aka sa wa jaririyar sunan mahaifiyarsa, don haka bai taɓa faɗin sunan da bakinsa ba, sai dai Inna Ƙarama.

Aikinsa yana da tsari wanda ba wanda ya rubuta masa. Yakan ɗaura shaida sau biyu, ɗaya a wuyan hannu, ɗaya a kan mayafi. Kafin dangi su sauko zai gyara gashi, ya rufe baki, ya goge fuska. Yana da kujera guda da kofin ruwa da ya keɓe musu, kuma ba ya yaye mayafi sai mai kallo ya ce da bakinsa ya shirya. Yana kuma magana da mamatan. Ba hira ba ce, sanarwa ce: "Baba, zan juya ka." "Yi haƙuri, 'yar nan, ruwan da sanyi." Akawun shi ke riƙe da littafin shiga da fita, ya kuma san cewa a duk shekarun nan ba a taɓa ba wasu dangi gawar da ba tasu ba.

Da Inna Ƙarama ta shiga makaranta, shi ne mai ɗauko ta. Yana tashi aiki ƙarfe biyu da rabi, ya wanke hannu sau uku, ya canza kaya, ƙarfe uku yana bakin makaranta da tsohon babur ɗinsa da lemo ɗaya a aljihu. A gidansa take zama har uwarta ta tashi. Abin da aka gaya mata game da aikinsa shi ne, Kaka yana aiki a asibiti.

Talabijin ya shigo ɗakin hutun ma'aikata a shekarar akawun ta shida. Direban motar asibiti, wanda kowa ke kira Jiniya, shi ne mai kawo sababbin fina-finai a 'yar filashi da yake ratayawa tare da makullan mota. Hutu awa ɗaya ne, daga sha biyu zuwa ɗaya, don haka kowane fim kwana biyu yake ci. Baba Sanyi ya ce shi ba ruwansa da kallo. Abincinsa kawai yake zuwa ci. Amma kujerarsa ce ta fi kowace fuskantar talabijin, kuma ba a taɓa gama fim bai tsayar da shi ba.

Na faɗa su suka fi shan tsayarwa.

"Tsaya, Jiniya, tsayar da shi. Akawu, nawa ke nan?"

"Arba'in da uku, Baba, tun daga kan gada."

"Arba'in da uku! Firijina goma sha biyu yake ɗauka. Ina za a kai sauran? Dubi ɗan banza, ya goge bindiga ya tafi shan shayi da budurwa. Waɗanda ya zubar ɗin nan daga sama suka faɗo? Wa zai je ya gaya wa matansu?"

"Haba Baba, mugaye ne fa," in ji Jiniya.

"Mugu ba shi da nauyi? Ka taɓa ɗaga mugu? Mutum biyu ke ɗaga shi, kamar kowa."

Na bincike, irin waɗanda ɗan sanda ke bin sawun mai kisa, ya ce sun fi na faɗa hankali amma sun fi su ƙarya. Akwai wani da aka nuna likita ya shigo da burodi a hannu yana tauna, ya leƙa gawa sau ɗaya, ya ce ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin mutumin ya mutu.

"Agogo ya haɗiye?" in ji Baba Sanyi. "Likitanmu na sama kwana biyu yake yi, ya dawo ya ce 'wataƙila'. Kuma wa ya bar shi ya shigo min da burodi?"

Abin da ya fi ƙona masa rai a cikinsu shi ne yadda ake kawo uwa, a fizgo aljihun firiji gwaram, a yaye mayafi, ba kujera, ba ruwa, ba ko sannu. Guda ɗaya tak ya taɓa yabawa, labarin wata mata da ke neman ƙaninta daga ofis zuwa ofis. Da aka gama ya rufe kwanonsa, ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa zama a kan benci yana jira."

Katun kuwa ranar da Jiniya ya ɗauko filashin 'ya'yansa bisa kuskure ake kallonsa, kuma kuskuren yana yawan faruwa. Baba Sanyi ya ce zanen na yanzu ya yi kyau har ya yi yawa, ana ganin gashin zomo ɗaya-ɗaya, amma masu yin sa ba su da tausayi.

"Minti biyar da farawa, an kashe uwar ɗan zomo. Minti bakwai, ana rawa. Haka ake yi a gidanku?"

Duk da haka akawun ya sha ganin kafaɗunsa suna rawa idan katanga ta faɗo wa kyanwa ta tashi a shimfiɗe kamar tabarma. In an kalle shi sai ya ce tari yake.

Na tsoro ne kaɗai ba ya tsayarwa. Da ya ji kiɗan ya canza, ƙofa ta fara ƙara ita kaɗai, sai ya ɗauki kwanonsa ya sauka ƙasa. Ya ce ya fi son ya ci abinci da mutanen kirki.

A shekarar akawun ta goma, cikin watan Mayu, wani fim ɗin tsoro ya fito wanda gari ya ɗauka. Labarin wani mai kula da ɗakin ajiye gawa ne, dogo, siriri, mai magana da mamata a hankali, yana tsefe musu gashi, yana yanke silin gashin kowa yana tarawa a gwangwani, in ya kira su su tashi su bi shi. Jiniya ya kawo shi ranar Laraba. Baba Sanyi ya ɗauki kwanonsa ya fita tun kafin a gama rubutun farko. Washegari masu tura gado suka fara rusuna masa a hanya suna cewa, "Ranka ya daɗe, ina gwangwanin?" Ya zage su tas, har da iyayensu, aka yi dariya, aka ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Litinin ta biyu bayan haka, da ƙarfe huɗu saura, akawun yana rufe fayil sai ga Baba Sanyi ya shigo ofis. Bai taɓa dawowa asibiti bayan ya tashi ba. Ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya ajiye lemo a kan teburin akawun, a ɓare, ba a ci ko ɓari ɗaya ba.

"Ta ƙi zuwa," ya ce.

"Wa?"

"Inna Ƙarama. Na miƙa mata hannu ta ɓuya a bayan malamarsu. Tana kuka tana cewa kada a bari in taɓa mata kai. A gaban iyayen yara, akawu. Sai da aka kira uwarta daga kanti."

Abin da ya faru shi ne, ranar Asabar da rana an kai yarinyar gidan gwaggonta, 'ya'yan gidan manya suka kunna fim ɗin a waya. Da aka zo inda mutumin yake tsefe gashi yana cewa "yi haƙuri", babbar cikinsu ta juyo ta ce, "Ai Kakanki ma aikinsa ke nan. Ba ki sani ba?" Shi kuwa Baba Sanyi, duk ranar da ɗankwalinta ya zame a kan babur, shi yake gyara mata.

"Ƙarya suka yi min," ya ce, yana buga teburin da yatsa. "Ni suka yi wa, ba su ma san ni ba. Shekara ashirin da takwas ban taɓa ɗaukar ko zaren rigar wani ba. Wani ƙato ya zauna a ɗaki mai sanyaya, bai taɓa ɗaga ƙafar mamaci ba, ya zana ni da gwangwani ya sayar wa duniya. To zan nuna mata ƙaryarsu ɗaya bayan ɗaya. Yarinya ce mai kai. In ta ga ƙarya ne, tsoron zai fita."

Akawun mutum ne da ya yarda cewa duk abin da aka jera a takarda da lamba ya kusa warwarewa. Ya ce shawara ce mai kyau. Wannan ita ce gudummawarsa a cikin ɓarnar, kuma bai taɓa musun ta ba.

Hutu uku suka ci a kai, Talata, Laraba, Alhamis, a ofishin akawun, ƙofa a rufe, fim ɗin a kan kwamfuta. Baba Sanyi yana tsaye, ya ƙi zama, yana kallo yana huci, akawun yana rubuta minti da kuskure. Minti na sha biyu, ƙofar firiji ba ta buɗuwa haka. Minti na sha tara, ba wanda ke aiki ba safar hannu. Minti na talatin da ɗaya, gawa ta tashi zaune.

"Da wane ƙugu? Awa takwas da mutuwa, da wane ƙugu za ta zauna? Rubuta!"

Kurakurai talatin da ɗaya suka samu. Akawun ya buga su a shafi biyu, ya yi kwafi biyu, ya sa musu fil.

Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma suka isa gidan 'yar, akawun na rungume da kwamfuta. Falo ne ƙarami, kujera doguwa ɗaya, gajeru biyu, da fanka mai juyawa tana ƙara. Mijin 'yar ya tafi aiki. Ita ta tarbe su a ƙofa, ta kalli kwamfutar, ta kalli takardun.

"Baba, mene ne wannan kuma?"

"Magani ne. Kira min ita."

"Baba, kwana takwas ke nan a bayana take kwana. A bar ta ta manta mana."

"Ta manta da ƙarya a cikinta? Kira min ita, na ce."

Inna Ƙarama ta fito tana riƙe da zanin uwarta, ɗankwalinta a ɗaure tamau har ya rufe gira. Ta gaida akawun. Ta gaida kakanta daga nesa, tana kallon takalminsa. Aka zaunar da ita a ƙarshen doguwar kujera, uwar a tsakiya.

Kuskure na ɗaya da na biyu sun wuce lafiya, maganar ƙofa ce da fitila. Har yarinyar ta ɗan leƙo. A na shida ne akawun ya tsayar da hoton daidai inda gawar ta tashi zaune, baki a buɗe, ya bar shi a tsaye a kan allon kamar yadda suka saba yi a ofis.

"Kin gani ko, Inna?" in ji Baba Sanyi da murya mai taushi, irin wadda yake yi wa dangi. "Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Mutum in ya yi awa takwas, sandarewa yake yi kamar katako. Ko hannunsa kike so ki lanƙwasa, sai kin sa ƙarfi, wani lokaci har ki ji ya yi ƙara. Kuma bakin nan ba haka yake buɗewa ba. Ni nake ɗaure musu haɓa da bandeji tun da wuri. Idon ma ba fari yake yi ba, shiga ciki yake yi, ya..."

"Baba!" in ji 'yar.

"Bari in gama. Kuma wai sun tashi suna tafiya. Ina! Iyakar abin da suke yi, in ka juya mutum, iskar da ta rage a ƙirjinsa takan fito, sai ka ji kamar ya yi nishi. Shi ke nan. Ni kullum ina ji, ko a jikina."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta yi taku biyu, ta yi amai a kan tabarmar falo, sannan ta ruga banɗaki ta murɗa makulli. Suna jin numfashinta ta ƙofar.

'Yar ta rufe kwamfutar da tafin hannu, da ƙarfin da ya sa akawun ya runtse ido.

"A fim dai an ce mata wasa ne, Baba. An ce mata fenti ne, mutanen suna nan da ransu. Kai kuma ka zo ka ce mata na gaskiya nishi suke yi! Shekararta tara!"

"Gaskiya na gaya mata."

"Wa ya tambaye ka gaskiya? Ni da nake 'yarka, ka san shekara nawa na yi ina cewa a makaranta ubana masinja ne? Ka san ko ƙawa ɗaya ba ta taɓa cin abinci a gidanmu ba? Na haɗiye, ban taɓa gaya maka ba, don ina ganin girmanka. Ita ba za ta haɗiye ba." Ta juyo kan akawun. "Kai kuma, malam, da girmanka da biro a aljihu, har da fil ka sa musu?"

Akawun ya sunkuya kan teburi. Ya tattara takardunsa.

"Daga gobe maƙwabciya za ta riƙa ɗauko ta," in ji 'yar, tana jan guga da tsumma. "In ta neme ka da kanta, zan kira ka."

A hanya Baba Sanyi bai hau babur ba, tura shi ya yi har bakin titi. Can ya tsaya ya ce, "Saura ashirin da biyar ba mu karanta ba."

Mako uku ba a kira shi ba. A makonnin nan ba wanda ya isa ya yi masa maganar gwangwani. Ya sa akawun ya nemo masa adireshin masu fim ɗin, akawun ya nemo, suka rubuta wasiƙa shafi huɗu, aka aika, ba a amsa ba. Ƙarfe biyu da rabi yana wanke hannu sau uku kamar kullum, ya canza kaya, sannan ya zauna a kan bencin bakin ƙofa har uku ta wuce.

Jiniya ne ya kawo shawarar katun. Ya ce yara da katun ake sulhu da su. Baba Sanyi ya ce ba zai kai wa jikarsa abin da bai duba ba. Ya karɓi sababbi guda bakwai, ya kalle su daga farko har ƙarshe a hutu goma sha ɗaya, yana neman wanda ba a mutu a ciki ba.

"Shida!" ya ce wa ɗakin hutu gaba ɗaya. "Shida cikin bakwai! A wannan uwa, a wancan uba, a wancan kaka ta zama tauraro. Tauraro! Su ke kashe wa yara iyaye da kiɗa da waƙa, amma ni da nake goge musu fuska ni ne dodo."

Na bakwai labarin wata akuya ce da ke son ta zama direban jirgin ƙasa. Ya ce shirme ne daga kai har wutsiya, amma kowa ya fita da ransa. Shi ya ɗauka.

'Yar ta yarda, bisa sharaɗin ba zai buɗe baki ba. Akawun ya sake ɗaukar kwamfuta, wannan karon ba takarda. Ranar Asabar ce, sha bakwai ga Yuni. Inna Ƙarama ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwarta, kakanta a gajeriyar kujera can kusa da ƙofa. Awa ɗaya da minti ashirin da shida bai ce uffan ba, ko da akuyar ta tuƙa jirgi ba tare da ta saki birki ba, sai dai akawun ya ga muƙamuƙinsa yana motsi. Yarinyar ta yi dariya sau da yawa. Sau biyu ta waigo ta ga ko shi ma yana yi.

Da aka gama ya ciro lemo ya ɓare, ya miƙa mata daga inda yake. Ta taso, ta zo har gabansa, ta tsaya.

"Kaka, ka wanke hannu?"

"Sau uku, Inna."

"Yau ka taɓa su?"

Uwar ta kalle shi ta saman kan yarinyar tana girgiza kai a hankali. Akawun ma ya yi gyaran murya. Ranar Asabar ce, da ya ce bai je aiki ba da ba wanda zai ƙaryata shi. Amma ya je da safe, an yi haɗari a babban titi.

"Mutum biyu," ya ce.

Ta mayar da hannunta baya. Ta ce ta ƙoshi, ta gode, ta shige ɗaki.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas ya shigo ofishin rajista ya ce a buga masa takardar neman canjin wurin aiki. Akwai gurbi a ƙofar baya, inda motocin kaya ke shiga, mai gadin wurin ya yi ritaya.

"Baba, shekara biyu suka rage maka," in ji akawun. "Yarinya ce, za ta girma ta gane."

"Ta girma a bayan maƙwabciya? Lokacin da za ta gane, ni ina lamba nawa a firiji?" Shi ne karo na farko da akawun ya ji ya kira wani da lamba. "Zan sake samun tambayar nan gobe da jibi, kuma ba zan yi mata ƙarya ba. Ƙarya sana'ar masu fim ce. To bari amsar ta zama a'a. Buga."

"Me zan sa a dalili?"

"Sa, fim ya kore ni."

Akawun ya sa "dalilin iyali". Baba Sanyi ya karanta, ya yi tsaki, ya sa hannu.

An amince ranar ɗaya ga Yuli. Kwana huɗu ya yi yana miƙa aiki ga wanda aka turo, wani magidanci daga ɗakin wanki, kuma duk kwana huɗun faɗa suka yi, a kan ɗaurin shaida, a kan kujerar dangi da sabon ya ɗora wa bokiti, a kan rediyo. Ranar ƙarshe akawun ya sauka da littafi don a rufe shafinsa. Ya same shi yana bin ƙofofin da ke da mutane, guda biyar, yana gaya wa kowa da sunansa cewa daga gobe wani ne zai kula da su, su yi haƙuri da shi, sabo ne. Baba Sanyi ya sa hannu, ya rataye farar rigar, ya hau matakala bai waiwaya ba. A saman matakalar suka ci karo da Jiniya, wanda ya buɗe baki zai yi barkwanci, ya kalli fuskarsa, ya fasa.

Inna Ƙarama ba ta dawo nan da nan ba. Uwarta ta kawo ta ƙofar baya sau biyu ta gan shi da kakin gadi yana ɗaga wa motoci ƙarfe. Kowace rana sai ta yi tambayarta, ya ce a'a. Sai a makon farko na sabon zangon karatu, cikin Satumba, ta yarda ta hau babur.

Ya yi wata ashirin da biyu a ƙofar baya. Ya tsani aikin, bai kuma ɓoye ba. Ya ce kare ma zai iya, in an koya masa ɗaga ƙarfe. Bai sake shiga ɗakin hutu ba, a rumfarsa yake cin abinci, kuma duk direban da ya tsaya ya tambaye shi ko ya ga sabon fim sai ya sha zagi. Da aka fitar da kashi na biyu na fim ɗin nan, aka manna tallarsa a katangar da ke fuskantar asibiti, ya tsallaka titi da wuƙar ɓare lemo ya kankare shi tas, aka kai ƙararsa, aka ja masa kunne a rubuce. Takardar tana cikin fayil ɗinsa, ita kaɗai ce irinta a shekara talatin.

Ya yi ritaya ranar talatin ga Afrilun bana. Gwiwarsa ta hagu ta hana shi hawa babur, ya sayar da shi. Yana zaune a gidansa na da, yana kiwon kaji goma sha huɗu, 'yarsa na kai masa abinci ranar Laraba da Asabar. Jikarsa ta shiga aji shida, da ƙafa take zuwa wurinsa bayan makaranta, ita da ƙawayenta biyu. Ba shi da talabijin, ya kuma ce kada wanda ya saya masa.